Tsibiran Kan Tudu da Gonar Yaya

Mun tashi daga Bungudu da asuba, ana sallame salla, mu uku da jaki ɗaya. Ni, da abokin aikina mai riƙe mini igiya in na shiga rami, sai taubashina Alhaji, ɗan gwaggona, wanda ba wanda ya gayyace shi. Jin ana ɗaura wa jaki kaya kawai ya yi, ya fito da buta da sanda, wai shi ma can ya nufa, akwai wani malami a 'Yandoto da yake so ya gaisar. Na ce to, amma da sharaɗi: ya kuskura ya fara mana labarin teku, ni da jakin za mu juya gida. Ya ce ni kaɗai zan juya, jakin ya fi ni son ilimi.

Tunda kun dame ni da tambayar abin da ya riƙe ni wata guda da 'yan kwanaki, bari in ɗauko muku daga tushe. Ginin rijiya ne sana'ata, wajen mahaifina na gada. Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, a wata 'yar tunga bayan Tsafe. Can ta yi aure, can mijinta ya rasu, can ta ci gaba da zama. Tungar ba ta da rijiya. Tafki suke sha, in ya ƙafe su tona yashin ƙorama, to shekara uku ke nan a jere ƙoramar ma tana yanke musu tun bazara ba ta yi nisa ba. Bara na je na gina musu rijiya har biyu, duka biyun na ci karo da dutse a gaba uku, na dawo gida ina sunkuyar da kai. Bana kuma sai ga saƙon Yaya ta bakin wani falke: mai tungar ya yanke magana, in watan gobe ya tsaya ba a sami ruwa ba, kowa ya kama gabansa. Ita kuwa ta ce ba inda za ta, don gonarta tana nan, gonar da ita da marigayi suka sare da hannunsu tun tana daji. Ku duba mini, tsohuwa ita kaɗai a kufai, ba ruwa ba maƙwabci. Tsoron wannan ne ya sa na ɗaure kaya.

Shi kuwa Alhaji, ga waɗanda ba su san shi ba, ya bi ayarin mahajjata da ƙafa tun gemunsa bai fito ba, ya dawo da furfura. A cikin shekarun nan ya yi uku yana aiki a jirgin ruwan wasu Larabawa a Bahar Maliya, don ya tara guzirin komowa. Bai dawo da dukiya ba, da labari ya dawo. In ya zauna a bakin kasuwa ya ce akwai wasu tsibirai, nan take kowa zai tuna ya baro akuyarsa ba a ɗaure ba. Ni ne kan gaba wajen tsokanarsa, tunda taubasantaka ta ba ni dama.

Hanyar Gusau ba ta da wuya. Gefen gulbi muka bi, ya janye ya bar farin yashi da 'yan kududdufai, masu lambu suna ta jan jigo suna ba albasa da taba ruwa. Muka riƙa cim ma masu jakuna ɗauke da ragowar audugar bana, duk Gusau suka nufa inda Bature ya kafa sikeli. Rabona da garin shekara guda ce tak, amma na ga sababbin rumfuna da baƙin fuskoki har sai da na tambayi hanyar maƙera. A bayan gari an kakkafa turaku a jere, wai nan jirgin ƙasa zai biyo. Abokin aikina, wanda in ya yi magana uku a wuni to ya yi surutu, ya tsaya ya dube su ya ce Allah ya sa jirgin ya fi jakinmu jin magana.

Kasuwa kuwa ta yi tsada, wallahi. Igiyar rama mai gaba goma sha biyu, mai ita ya ce sule guda, kuma kada in nuna masa kuɗin wuri, ya daina karɓa. Na yi ciniki har gumi ya karyo mini kafin mu tsaya a nai, wato kobo tara. Abin da ya yi araha shi ne hoce, gasasshiyar wainar dawar nan, na kobo ɗaya da ƙuli ya ƙosar da mu mu uku. Daga nan muka kai dagi biyu maƙera a ƙara musu baki. Muna jira, sai Alhaji ya tsinci wani guntun kashin maƙera, baƙi mai huji-huji, ya jujjuya shi a hannu, ya ce ya taɓa taka tsibirin da tun daga bakin ruwa har ƙololuwarsa wannan abin ne. Na tuna masa sharaɗinmu. Amma ina, maƙerin ya riga ya ajiye masaba yana tambaya wace irin maƙera ce ta zubar da kashi mai yawan haka. Da ƙyar na karɓi dagina kafin la'asar. Na yi ta faɗa, amma gaskiya tambayar maƙerin nan ta zauna mini a rai, da ita na kwana.

Kashegari muka kama hanyar gabas. Tun hantsi dutsen Kwatarkwashi ya bayyana, ka ce ka miƙa hannu ka taɓa shi, amma sai da rana ta take muka isa gindinsa. Na sha wuce dutsen nan, ban taɓa tsayawa na dube shi ba. Fili ne shimfiɗe ta ko'ina, gonaki da kuka da ɗorawa, sai shi kawai ya tashi tsaye, santsi, mikiya na shawagi a kansa. Muka sami inuwa, wata Bafilatana ta dama mana fura, nonon ya ɗan yi tsami amma zafin ranar bai bar mu mun yi ƙorafi ba. A nan ne ni da bakina, ina kallon wani wajen, na ce wa Alhaji to ita maƙerar tsibirin, ta wace ce? Ya yi dariya har fura ta sarƙe shi, sannan ya gyara zama.

Ya ce tsibiran da ya gani iri biyu ne. Akwai farare masu kwanciya, waɗanda ba su fi tsayin mutum biyu a kan ruwa ba, in ka tsaya a tsakiyarsu kana hango teku ta kowace kusurwa. Waɗannan, in ji matuƙan jirgi, ba ƙasa ba ce, gini ne. Wata halitta ce 'yar mitsitsiya a cikin ruwa take gina gida mai tauri, in ta mutu 'ya'yanta su gina a kan gidanta, jikoki su ɗora a kan nasu, a yi ta yi har ginin ya taso kusa da fuskar ruwa. Sai raƙuman ruwa su farfasa samansa su tara yashi, tsuntsaye su kawo iri a kashinsu, ciyawa ta fito, masunta su zo su kafa bukka. Dangin murjanin nan ne da mata ke sawa a wuya, sai dai shi fari ne, kuma yana yanka ƙafa. Na ce ashe dai gara ce ta ruwa. Ya ce tun da aka haife ni yau ne ya ji na faɗi magana mai ma'ana.

Sai kuma baƙaƙen, can ta kudu, masu tsayi, ba itace ba ruwan sha. Su wuta ce ta haife su. Ƙasan teku ne ya tsage, narkakken dutse ya ɓullo, ruwa ya kashe shi ya daskare, wani ya sake fitowa ya hau kan wancan, har tudu ya fito sarari. Ya ce da idonsa ya ga ɗaya yana fitar da hayaƙi-hayaƙi, iska na kawo warin farar wuta, matuƙan ba sa yarda su kwana kusa da shi. Kuma ba a warwatse suke ba, a jere suke, ɗaya bayan ɗaya, don tsagar guda ce doguwa. Wani lokaci ma farin ginin nan yakan kewaye baƙin tsibirin, sai ka ga iri biyun a wuri ɗaya.

Na nuna masa dutsen da muke jingine da shi na ce to wannan namu fa, wuta ko gara? Ya ce bai sani ba, bai yi kama da ko ɗaya ba. To a nan ne ni ma na sami abin faɗa, don in shi ya san saman ruwa, ni na san cikin ƙasa. Na ɓantari ɗan guntu na nuna masa ƙyalƙyalin da ke ciki, na ce wannan shi ne dai dutsen da nake tararwa a gindin rijiya. Baƙar ƙasa ce a sama, sai ja, sai marmara, sai ruɓaɓɓen dutse wanda kake murtsukewa da hannu, a cikinsa ruwa yake zama, sannan sai wannan mai taurin da dagi ba ya ci. Muka zagaya, muka ga inda wani babban ɓawo ya saluɓe daga jikin dutsen ya faɗo ya farfashe, ga tsakuwarsa, ga yashinsa yana bin hanyar ruwa. Muka yi ta ƙiyasi kamar masu abin yi. Inda muka tsaya shi ne, wataƙila da can ƙasa ta kai kan dutsen nan, ruwan damina na shekarun da ba a san iyakarsu ba ya kwashe mai taushin ya bar mai taurin a tsaye. Allah ne masani. Abokin aikina da muka zaci barci yake, sai ya ce, "In haka ne, ba dutsen ke zaune kan ƙasa ba ke nan, ƙasar ce ke kwance kan dutse." Muka yi dariya muka kwance jaki, ban ɗauki maganar a bakin komai ba.

Rana ta uku duwatsu suka yawaita, hanya ta yi tsakuwa, jaki ya fara yanga. Da muka zo mararrabar 'Yandoto na tsaya don Alhaji ya rabu da mu, sai na ga ya wuce gaba abinsa. Na ce malamin fa? Ya ce wane malami, ai gwaggona ce, mahaifiyarsa, ta ce ya biyo ni, don ta ga yadda na dawo bara ba ta son in tafi ni da zuciyata. Raina ya ɓaci, na ja jaki na wuce gaba na bar shi a baya har rabin zango. A Tsafe na saya wa Yaya gishiri da daddawa da ɗan goro, muka ratse yamma da gari, da la'asar sakaliya muka shiga tunga.

Abin da na fara gani shi ne gida biyu an ɗage jinkar ɗakunansu, bango kawai a tsaye. A can in mutum zai tashi, jinkarsa yake fara ɗauka, don itacenta ya fi bangon daraja. Yaya ta rame, ta yi baƙi. Ta kawo mana ruwan baƙo, rabin ƙwarya, ja, mu uku, ta tsaya tana kallonmu muna sha. Daga baya na ji mata suna fita ne tun sallar asuba su dawo da hantsi da tulu ɗai-ɗai. Mai tungar, wani dattijo mai sanyin magana, ya zo ya gaishe mu, ya ce ba don ya ƙi ni ba, amma maganar tana nan yadda ya faɗa. Saura kwana ashirin da huɗu wata ya tsaya.

Da safe na ɗauki dagi na nufi inda na yi aiki bara. Ga abin da mahaifina ya koya mini: ruwa kwari yake bi, ka nemi inda ƙasa ta yi ƙasa, inda ganye yake kore da rani, ka gina. A Bungudu wannan bai taɓa ba mu kunya ba, ko sau ɗaya. To a bayan tungar akwai manyan duwatsu biyu, tsakaninsu wani kwari mai sanyi, da gamji da ciyawa. Duk maginin da ya fito daga bakin gulbi irina, idonsa can zai faɗa. A nan na gina biyun bara, har itace na ƙona kwana uku a kan dutsen da na tarar ko zai fashe, ɗan ɓawo kawai ya yi. Yanzu niyyata in sauka taki arba'in ƙasa da su in gina ta uku. Na ɗaga dagi ke nan Alhaji ya ce mu hau dutsen tukuna mu duba. Na ce masa kwanaki a ƙirge suke, ba yawon buɗe ido na zo ba. Ina cikin faɗa na waiwaya na ga abokin aikina har ya kai rabin dutsen, dole na bi su ina ƙunƙuni.

Ban taɓa ganin ƙasar nan daga sama ba. Daga ƙasa duwatsun kamar kowane yana harkar gabansa, amma daga can sai ga su biyar a jere, daga arewa zuwa kudu, a miƙe, da 'yan ƙananan tudduka a tsakaninsu duk a kan layin. Ga rijiyoyina biyu, baƙaƙen ɗigo biyu, daidai kan layin nan. Wurin da na so in gina ta uku ma a kansa yake. Alhaji bai yi mini dariya ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi.

Ya ce, "Ɗan kawu, a jirginmu akwai wani tsoho, aikinsa ke nan jefa igiya mai dalma a ruwa yana kiran zurfi. In muka zo tsakanin tsibiri biyu da ke jere, ruwan wurin ya fi ko'ina kwanciya, baƙon matuƙi can yake sha'awar bi. Amma a can igiya ba ta cin gaba biyu. Kawunansu ne suka fito daban-daban, jikin guda ne a ƙasa. Sai ka fita gefe igiya take tafiya."

Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba. Mazan tungar nan sun ja mini kwando bara har hannunsu ya yi kanta, sun yanka mini kaji, ashe a kan ƙashin bayan dutse ɗaya nake ta sa su wahala. Koren ganyen da ya ruɗe ni ma dutsen ne ya jawo shi, don yana kusa, yana tare ruwan sama a sama-sama, kafin bazara ta shanye. Duk da haka sai da na ce masa teku daban tudu daban. Ya ce haka ne, ni ne magini, in sauka in gwada.

Na fara da gabas. Falalen dutse ne yake ta leƙowa har nesa, ba abin nema. Na koma yamma. A wannan fuskar jikin duwatsun duk baƙaƙen zane ne, sawun ruwan damina, kuma duk wuri ɗaya suka nufa. Na bi su ina caka dagi, ina duba bangon kwazazzabai, ƙasa tana ƙara kauri. Sai ga suri uku dogaye, da farar laka a jikinsu, alamar gara tana ɗebo ta daga nesa a ƙasa, ga wata kanya ta yi duhu. Tun kafin in ƙarasa na shaida wurin. Tsakiyar gonar Yaya ne. A ranar na gane abin da ya sa gonar nan take ba da dawa ko a shekarar da ta kowa ta ƙone.

Ku da kuke cikin gari wataƙila ba za ku ga abin damuwa ba. A ƙauye rijiya ba ta da mai ita. Ranar da ruwa ya fito, hanya za ta ɓullo ta kowace fuska, a kafa kwami, makiyaya su kawo shanu, kuma ba mai ikon hana dabba shan ruwa. Abin da ke kewaye da ita ya tashi daga gona har abada, gonar Yaya kuwa ba wani girma gare ta ba. Na gaya wa mai tungar a keɓe. Ya ce shi bakinsa ba zai iya roƙon wannan a wajen matar da mijinta ya mutu ya bar mata ita kaɗai ba. Sai na ɓata kwana biyu cur ina neman wani wuri, daga cikin kwanakin da ba su da yawa, ina ce wa Yaya har yanzu ana dubawa. Ban sami komai ba.

Safiya ta uku ta kawo mana kunu, ta sallami su Alhaji da ido, ta zauna.

"Auta, sawun wa na gani a gonata, da ramukan dagi?"

Na fara cewa akwai wasu wuraren da nake dubawa. Ta ce tun ina goye ta san fuskata in zan yi ƙarya, in gaya mata kawai, ruwan can yake?

Na ce, "Ina zato, Yaya, ban tabbata ba. In na gina ban samu ba, na ɓata miki wuri a banza. In kuma na samu, gonar ta tafi."

Ta miƙo mini kunun. Sannan ta ce da tana cewa don gonar take zaune, amma tun da aka fara ɗage jinka take lissafin waɗanda za su rage.

"Gonar ba za ta yi mini wanka ba ranar da na mutu. Mutanen nan ne za su yi. Tashi mu je."

Ita ta karɓi dagin ta yi saran farko da bisimilla, ta miƙo mini, ta juya gida ba ta waiwayo ba.

Aiki muka yi ba na wasa ba. Ni a ciki, abokin aikina a kan igiya, mazan tunga suna karɓa-karɓa wajen jan kwando. Alhaji ya naɗa kansa mai kiran zurfi, kowace safiya ya zura igiya ya rera adadin da Larabci yadda tsohon jirginsu yake yi, har matan da ke kawo mana abinci suka haddace. Kowace irin ƙasa ta fito sai ya ɗebi tafi guda ya jera a gefe, baƙa, ja, mai tsakuwa, dattawa su zo su tsuguna suna mamakin abin da suke takawa shekara da shekaru. Da muka kai gaba uku, kowane sara ina jiran in ji ƙarar nan da na sani. Ba ta zo ba. Marmara ce ta zo, ta cinye mana kwana biyar da bakin dagi ɗaya. A cikin kwanakin nan gida na uku ya ɗage jinkarsa, mai gidan ya zo har bakin ramin ya leƙo ya ba ni haƙuri, ya ce matarsa na da tsohon ciki ba za ta iya tafiyar ruwa ba. Ban ga laifinsa ba.

A gaba shida na fara tarar da ruɓaɓɓen dutse, mai ƙyalƙyali, yana murtsukewa a hannu, da sanyi-sanyi. Iska ta yi nauyi a ƙasa, sai an riƙa zura reshe mai ganye ana ja ana saki kafin in iya numfashi. A gaba takwas, saura kwana biyu wata ya tsaya, na caka dagi na zaro shi da laka a baki. Ban gaya wa kowa ba, na ƙara rabin gaba na fito na ce na gaji. Kashegari da sassafe aka zura ni, ƙafata ta shiga ruwa har gwiwa. Na tsaya a can ƙasa inda ba mai ganina na yi kuka sosai, sannan na cika ƙwarya na ce a ja, a kai wa Yaya.

Mun ƙara kwana shida muna gyara bakinta da itacen ƙirya. A cikin kwana shidan nan duk abin da na faɗa ya faru a kan idona. Hanya uku ta fito. Mai matar nan mai ciki ya dawo da kayansa. A rana ta huɗu wasu Fulani suka ji labari suka kawo garke, kafin azahar ba ka gane inda kunyoyin bara suke. Mai tungar, Allah ya saka masa, ya yanka wa Yaya wani fili ta gabas, a gindin dutse. Na je na tura hannu a ƙasar, na san ba za ta ba da rabin waccan ba. Na roƙe ta ta biyo ni Bungudu, ga ɗaki ga jikoki. Ta ce yanzu da aka sami ruwa wa zai tashi? Da muka je sallama a bakin rijiyar muka same ta, tana zuba wa shanun mutane ruwa a kwami, suna tsaye a inda ta yanke dawa bara.

Komowa kwana uku muka yi, hadarin farko yana haɗuwa ta gabas yana watsewa. Mun iso Bungudu ranar kasuwa da yamma, lafiya lau, in ban da ƙafar jaki da ta ɗan yi ciwo.

Abin da na koyo, maganar mahaifina gaskiya ce, amma gaskiyar bakin gulbi ce, ni ne na ɗauke ta na kai ta inda ba ta san kowa ba. Daga yau ba na sara ƙasar da ban hau sama na duba yadda take kwance ba. Har yanzu kuma ban san abin da ya jera duwatsun nan biyar a layi ɗaya ba, ko su ma wata tsaga ce ta da can, kuma abin yana cina.

Kowa yana ce mini barka, ina amsawa. Tunga ta zauna, Yaya tana cikin mutane. Amma ni na san na tafi ne don kada a raba ta da gonarta, kuma da hannuna na raba su. Na riga na gaya wa mai ɗakina, daga kakar bana kashi ɗaya cikin uku na abin da gonata ta bayar Tsafe zai tafi. Ni zan kai da kaina, don in aike aka yi ba za ta karɓa ba.